Mun Je Maraɗi Ganin Ƙofa

Tun ranar da na koma aiki malaman makarantarmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tambaye ni ko atamfa ta fi araha a can, wancan ya tambaye ni ko gaskiya ne sai da Faransanci ake sayen tumatir. In na ce musu ƙofa muka je gani sai su yi dariya su ce in bar wasa. To ba wasa ba ne. Mu uku muka tashi daga Kankia, muka ƙetare iyaka, muka kwana biyu a ƙasar mutane, saboda ƙofar mota guda ɗaya. Na gaji da maimaitawa a ofis, shi ya sa na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Dole in fara da Baba, don tafiyarsa ce, ni rakiya na yi. Sunansa Malam Iro, kafinta ne a Kusada. Ya kusa tamanin, idonsa na dama ya tafi, na hagu yana bin sa a hankali. Gajere ne ƙwarai, ni ma shi na biyo. Tun muna yara yake ba da labarin cewa yana saurayi ya yi shekara uku a Maraɗi wajen wani maigida da ake kira Isufu mai bodi, kuma da hannunsu suka gina wa wata doguwar motar alfarma jiki. Wai wani attajirin gyaɗa ne ya sayi motar Ingila da gobara ta cinye, ba abin da ya rage sai inji da ƙarfen ƙasa da hancinta, ya kawo wa Isufu. Suka tayar da gangar jiki da katakon maɗaci, suka lulluɓe da ƙarfe, suka ɗaga rufin don kada rawanin mai ita ya taɓa sama, suka sa gilashi tsakaninsa da direba.

Ba wanda ya taɓa yarda. Mutanen Kusada benci da kujerar tsuguno suka san Baba da su. Shugaban marasa yarda kuwa Kawu Sada ne, ƙanin Innarmu, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙin babbar mota, shi ya sa yake ganin duk abin da ke da taya huɗu sai da izininsa. A cewarsa irin waɗannan motoci ba a yi musu jiki sai a Turai, a wasu gidajen sana'a na musamman inda mota ɗaya kan ci shekara. Shi ya fara cewa "motar Iro" in wani ya shara ƙarya, maganar kuma ta kama. Yau daga Kusada har Kaikai, in yaro ya ce ya ga kura a bayan gari sai a ce masa motar Iro ce. Wasu masu faɗin haka ba su ma san Iro mutum ba ne, balle su san yana da rai.

Da Baba dariya yake yi. Sai bara, da aka yi rigimar iyakar gona tsakanin maƙwabtanmu biyu a hanyar Bauranya. Baba yana wurin lokacin da aka dasa gambar iyakar, don haka aka kira shi shaida gaban mai unguwa. Bai gama buɗe baki ba ɗan ɗaya daga cikinsu ya ce, gaban jama'a, yanzu shaidar mai mota za a karɓa? Aka yi dariya. Mai unguwa ya tsawatar, amma ya sa aka nemo wani shaidan. Daga ranar Baba ya daina zama majalisar ƙofar masallaci. In an sallame sai ya lalubi takalmansa ya dawo gida. Inna ta ce tuwon ma sai ta tsaya a kansa. Na ji haushin abin ƙwarai, har gaisuwar da nake wa Kawu ta koma "ina kwana" kawai, ba gajiya ba iyali.

Ana cikin haka maigidana ya turo mini wani ɗan fim a waya. Tsoho ne, baƙi da fari, ba murya, bai wuce rabin minti ba, an rubuta a ƙasa cewa Maraɗi ce a kakar gyaɗa. Ga buhuna an jera, ga 'yan dako, sai wata doguwar baƙar mota ta shigo ta juya, ta nuna gefenta na hagu, ta wuce. A ƙarƙashin fim ɗin wasu Turawa masu son tsofaffin motoci sun yi watanni suna gardama. Sun yarda hancin na Ingila ne, amma jikin ya gagare su. Wannan ya ce aikin gidan wane ne, wancan ya kawo hoton tsohon littafi ya ce a'a na gidan wane ne. Abin da ya fi ɗaure musu kai wani farin layi ne da ya taso daga rufi har ƙasa, a bayan ƙofar baya ta hagu. Wani ya ce sigina ce, wani ya ce wurin sa tuta, wani ya ce fim ɗin ne ya karce.

Na kai wa Baba. Ya kara wayar a hancinsa ya ce duhu kawai yake gani. Sai muka ɗauko shi zuwa Kankia, muka roƙi maƙwabcinmu mai gidan kallon ƙwallo ya sa mana a babbar talabijin da hantsi, lokacin da ba kowa. Kawu ya biyo mu ba tare da an gayyace shi ba. Baba ya ja benci har goshinsa ya kusa taɓa gilashin, ya kalla sau goma sha ɗaya. A na ƙarshe, da farin layin ya bayyana, ya ce a tsayar.

"Ita ce," in ji shi.

Kawu ya ce ai ko jirgin sama aka nuna masa haka zai ce. Baba bai kula shi ba. Ya ce zai je Maraɗi, kuma da Sada za a je, don in ni na dawo na ba da labari za a ce 'yarsa ce. Kawu ya amince nan take, da ya ji ba shi zai biya mota ba.

Ranar tafiya Baba ya fito da ƙullin goro da turmin shadda, wai na maigida ne. Na tuna masa cewa shi da bakinsa ya ce Isufu yana da furfura tun a lokacin. Ya ce, "Uwata, ba a zuwa wajen maigida hannu rabbana." Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma in ya faɗe shi da wannan murya magana ta ƙare. Na sa shaddar a jakata ina tunanin wa za ta zama rabonsa.

Daga Kankia zuwa Katsina Kawu ya zauna gaba yana koya wa direba tuƙi. Direban ya yi haƙuri har Rimi, daga nan ya ƙure rediyo. A Katsina muka canza mota zuwa Jibia. Wannan hanya ba sai na yi wa kowa bayani ba: da safe ake bin ta, ba a tsayawa sayen komai, kowa bakinsa yana motsi da addu'a. Har Kawu ya bar direban can ya yi tuƙinsa shi kaɗai.

A iyaka, ɓangarenmu bai ɗauki lokaci ba. A ɓangaren Nijar ne wani jandarma matashi ya nemi takardu, Kawu ya miƙa masa tsohon lasin tuƙinsa mai hoton wani saurayi baƙin gashi. Jandarman ya dubi hoton, ya dubi Kawu, ya tambaye shi ko ɗansa ne. Sai da aka zazzage aljihu huɗu kafin katin ɗan ƙasa ya faɗo daga cikin hula. Da aka tambayi dalilin tafiya na ce ziyara, Kawu ya ce ziyara, Baba ya ce ƙofa za mu gani. Wannan amsa ta ci mana kusan awa guda. Dole na fito da waya na nuna fim ɗin. Jandarma uku suka haɗa kai suna kallo, suka kira babbansu. Shi bai damu da motar ba. Ya ce kakansa ɗan dakon gyaɗa ne a Maraɗi, a mayar baya ya duba. Aka mayar sau biyar har ya sami wani mai buhu a ka da ya ce kunnensu ɗaya. Ya sa aka kawo mana shayi, ya raka mu bakin mota da kansa.

Shayin nan shi ne darasinmu na farko. Kofin bai fi murfin kwalba girma ba. Kawu ya kurɓe nasa ya miƙe yana godiya, aka ce ya zauna, saura biyu. Na farko ɗaci, na biyu dama-dama, na uku sukari zalla, kuma tsakanin kowanne sai an sake dafawa ana zuba shi daga sama har ya yi kumfa. Mu da muka saba da kofin roba cike da madara da rabin burodi, abin ya zo mana wani iri. Kawu ya ce mutanen nan suna da lokaci.

Maraɗi kuwa ba ta yi mini baƙunta yadda na zata ba. Hausarsu tamu ce, ta ma fi ta Kano kusa da mu, ba wanda zai yi maka dariya don ka ce "tahi". Sai dai kana cikin jin daɗin hira za su jefo Faransanci. Makaranta lakwal, acaɓa kabu-kabu. Burodinsu dogo ne kamar muciya, a hammata ake riƙe shi ba ko leda. Da rana ta take sai gari ya kwanta, a rufe shaguna da ofisoshi, ba za ka sami wanda za ka tambayi hanya ba sai wajen la'asar. Mun sauka a wani masauki kusa da tasha, ɗaki biyu, nawa da fanka mai juyawa. Mai masaukin ta ce ai wutar daga wajenmu ake jawo ta. Na tsaya na dubi ƙwan fitilar da kyau, don mun kwana biyu ba mu gaisa ba.

Abinci ba laifi. Dambun zogale da ƙuli da mai, sai fura da nono mai kauri wanda ba a yi wa wanka da ruwa ba. Kawu ya sha ƙwarya guda ya ce ba ta kai ta Kankia ba, ya nemi ƙari don ya tabbatar.

Neman gidan Isufu shi ne aikin. Alamomin Baba uku ne: wata tsamiya, da sikelin awon gyaɗa, da rijiya mai bakin siminti. Mai adaidaitan da muka ɗauka ya ce shi tun da aka haife shi bai ga sikelin gyaɗa ba. Inda Baba ya rantse tsamiyar take, kantin magani muka tarar. Muka koma tambaya da suna. A yinin farko mun sami Isufu uku: ɗaya yana sayar da waya, ɗaya tela ne ya rasu bara, na ukun bai fi shekara bakwai ba, aka fito mana da shi yana cin mangwaro. Baba ya riƙa tsayawa a bakin kowane lungu yana juya kai gefe don idon hagu ya duba. Da muka koma masauki ya ce ba ya jin yunwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Kawu bai yi tsokana ba. Ga dama ta samu, amma ya zauna yana gyara igiyar agogonsa. Na ga na ɗauko tsoho mai rabin ido na kawo shi ƙasar wasu don a ƙara tabbatar masa da sunan da ya hana shi zama cikin mutane. Ni kaina, in zan faɗi gaskiya, ban taɓa yarda da labarin ɗari bisa ɗari ba. Ina son Baba ne kawai.

Washegari Kawu ya ce mun yi wauta, ba a tambayar masu adaidaita labarin bodi. Ya ja mu tashar manyan motoci, ya wuce duk samarin, ya nufi wani tsoho mai faci da ke zaune kan taya. Suka yi gaisuwar direbobi, suka zagi hanyoyin da da na yanzu, sannan ya kawo maganar. Tsohon ya ce Isufu bodi ai ya daɗe da rasuwa, garejin ma an sayar an yi shaguna, amma ɗiyarsa Habsu tana nan bayan tsohuwar kasuwa. Wannan kam na ba Kawu, ko da yake ban gaya masa ba.

Ni na fara shiga gidan, su suka tsaya a zaure. Hajiya Habsu za ta yi shekara saba'in, babbar mace, tana zaune kan tabarma tana tsince zogale. Muka gaisa. Na ce mu baƙi ne daga Najeriya, daga wani gari da ake kira Kusada. Sai hannunta ya tsaya a cikin tire.

"Gajere ne?" ta ce.

Na ce wa?

"Iro."

Na ɗaga mata kai. Ta ja mayafi ta ce su shigo, duk an tsufa, ba sauran wanda za a ɓoye wa. Baba ya shigo yana laluben bango. Ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba.

"Kai ne ka gudu ka bar tuwonka," in ji ta. "Ni na kai maku shi gareji ran nan. Ina da shekara tara. Akushinka ya kwana nan ba a taɓa ba."

Baba ya durƙusa a bakin tabarma, ya tura ƙullin goron gabanta, ya karɓi shaddar a hannuna ya ɗora a kai. Kawu ya dube ni, na dube shi. A duk labarin da muka sha ji shekara da shekaru, ba inda aka taɓa yin gudu.

A nan, gaban Kawu, Baba ya faɗi abin da ya rage. Ya ce a garejin Isufu ba a awo da tef, da kamu ake yi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, yadda ake auna yadi a kasuwa. Isufu dogo ne, shi ya yi ƙofofi uku da kansa. Ta huɗun, ta baya ta hagu, ya ba Baba, don ya ga hannunsa ya fara faɗawa. Wannan ce ƙofar da maigidan mota zai riƙa shiga ta cikinta.

"Ya ce in yi ta kamu biyu," in ji Baba. "Na yi ta kamu biyu. Da nawa hannu."

Kwana tara ya yi a kanta. Ya fere maɗacin, ya buga ƙarfen, ya zaunar da gilashi. Ranar da aka zo ɗaura ta sai ga rata a bayanta, yatsa huɗu cif, daga sama har ƙasa. Katakon ya ƙare, attajiri kuma yana son motarsa kafin a buɗe awon gyaɗa. Isufu ya tsaya yana kallon ratar bai ce uffan ba. Baba ya ce da ya zage shi da ya zauna. Shirun ne bai iya ɗauka ba. Ya ce zai zaga, ya bi ta baya, ya hau motar gyaɗa mai zuwa Katsina, ko sallama bai yi ba. Bai taɓa ganin motar a kammale ba sai a gidan kallon ƙwallo a Kankia. Farin layin da Turawa ke gardama a kai, shi yana ganinsa ya san abin da aka rufe da shi.

Hajiya ta ɓare goro ɗaya ta jefa a baki. Ta ce hushin babanta bai wuce rabin yini ba. Ya aika tasha a nemo shi, aka ce mota ta tashi. Ya dawo ya yanko farin ƙarfe ya toshe ratar, ya goge shi har yana ƙyalli. Attajirin da ya gani ya ce ado ne, har ya tambayi dalilin da ba a yi wa ɗaya gefen ba.

"Babana ya ce laihinai ne," ta ce, "shi da ya ba mutum awo bai ba shi sanda ba. Tun ran nan ya yanka sandar awo, ba a sake auna komi da hannu ba garejin ga. Kowane yaro anka kawo koyo sai ya ji labarin mutumin Kusada."

Motar ta yi zamaninta. Bayan attajirin ya rasu aka riƙa ɗaukar amare da ita, daga baya aka cire injin aka kai shi niƙa, jikin kuma maƙera suka raba. Isufu ya je da kansa ya karɓo abu biyu, ƙofar hagu da farin ƙarfen. Ya ce wataƙila mai aikin ya zo neman aikinsa.

Kawu ya yi gyaran murya ya tambaya ko tana nan. Hajiya ta nuna bayan ɗakin girki da haɓa.

Garken awakinta ne. An gina shi da bulo, aka kafa masa ƙofar mota. Baƙin fentin ya koɗe ya koma ruwan toka, ƙasan ya yi tsatsa, amma marfin yana rufuwa da ƙara ɗaya mai nauyi. Farin ƙarfen yana kafe a jikin bulo ta gefenta. Hajiya ta buɗe ta murza hannun gilashi, gilashin ya sauka sumul. Ta ce ta nan take zuba musu dusa in ba ta son su fito. Wani bunsuru ya leƙo da kai ta tagar, ya dube mu yadda mai motar zai yi.

Baba ya shafa ta da tafin hannu, sama da ƙasa, ya bi bakinta da yatsa. Sannan ya naɗe hannun rigarsa. Ya kafa gwiwar hannunsa a gefe ɗaya ya shimfiɗa, ya sa yatsan ɗaya hannun a inda ya tsaya, ya sake kafawa. Kan yatsansa ya sauka a ɗaya bakin ƙofar, bai wuce ba, bai gaza ba.

Kawu ya matso. Ya tuɓe agogo ya ba ni, ya naɗe nasa hannun. Shi dogo ne. Ya auna kamu biyu, yatsunsa suka wuce ƙofar suka hau kan farin ƙarfen. Ya sake aunawa daga ɗaya gefen, ko za a sami canji. Ya tsaya yana kallon bunsurun. Can ya tambayi Hajiya ko ta san silinda nawa injin yake da shi. Ni kuwa ina riƙe da agogo da waya ina ɗaukar hoto, hawaye ya hana ni ganin abin da nake ɗauka, shi ya sa rabin hotunan bunsuru ne.

Hajiya ta ce Baba ya ɗauki ƙofarsa, ai don shi aka ajiye. Ya girgiza kai.

"Awakin hwa?" ya ce.

Aka yi wa Isufu addu'a a tsakar gidan. Baba ya daɗe hannunsa a sama bayan mun shafa. Hajiya ta ce shaddar za ta ba babban jikan marigayin, mai sunansa. Sannan ta hana mu tafiya sai da aka tuƙa tuwo, ta sa wa Baba nasa a akushi, ta zauna tana kallonsa har ya cinye.

Dawowa ba wani labari. Babban jandarman nan ba ya bakin aiki, wanda muka tarar bai tambaye mu komai ba. Abu ɗaya na lura da shi: a tashar Jibia, da za mu shiga mota, Kawu ya buɗe gaba ya ce, "Malam Iro, shiga nan." Tun da nake ban taɓa jin ya sa masa Malam ba, ban kuma taɓa ganin ya bar wa wani gaban mota ba. Ya zauna baya kusa da ni, gwiwoyinsa a ƙirji, har Katsina.

Da na huta na sa maigidana ya taya ni rubuta wa Turawan nan amsa, muka haɗa da hoton ƙofar da hannun Baba a kanta. Wani ya nemi sunan gidan sana'ar da ya yi jikin don ya sa a kundinsa. Na ce ya rubuta Isufu, Maraɗi, ƙofar baya ta hagu kuma Iro, Kusada. Ya sake tambaya kamu ɗaya santimita nawa ne. Na ce ya danganta da mai hannun.

Ranar Juma'a Kawu ya tsaya a majalisar ƙofar masallaci ya ba da labarin da bakinsa, ya zagaya da wayata da ya ara hannu zuwa hannu. Bai rage komai ba. Ya faɗi motar, ya faɗi ƙofar, ya faɗi gudun, ya faɗi akushin tuwo, ya kuma kwaikwayi awon da gajeren hannu har sau uku, saboda Kawu ne. Ban ji daɗin wannan ɓangaren ba. Kafin sati ya zagayo "motar Iro" ta fara ɓacewa, wata ta maye gurbinta. Yanzu in mai awo ya tauye mudu, ko tela ya ɗinka wando ya ɗage, sai a ce kamun Iro ne.

Na je Kusada ranar Asabar da niyyar in sami Kawu in faɗa masa abin da ke raina, ko da za a ce ba ni da kunya. Na tarar da Baba a zaure ya sa babbar riga yana laluben hularsa, za shi majalisa. Inna ta ce tun ranar Lahadi can yake yini, sai an aika kiransa cin abinci. Na ce, Baba, ka ji abin da suke faɗa yanzu kuwa?

Ya sami hular a kan taga, ya karkaɗe ta, ya kafa.

"Na ji, Uwata," ya ce. "Bar su. Wannan kam na yi shi."